Mai Gyaran Ƙaho

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Baba ya riga mu. Mahaifin maigidana ne, surukina, wanda na zauna gida ɗaya da shi tun ina goyon fari har 'yar tawa ta gama jami'a. Ya rasu wata Talata da hantsi, a zaune kan kujerarsa ta roba a gindin mangwaron tsakar gida. Na kai masa kunu na tarar ya sunkuyar da kai. Na ɗauka gyangyaɗi ne, na ajiye kofin a gefensa na koma kicin. Da na dawo ɗaukar kofin, kunun ya huce har ya yi fata a sama, shi kuma yana nan yadda na bar shi.

Ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, kukan ne bai zo ba. Na kira maigidana a waya, sannan na zubar da kunun na wanke kofin. Har yanzu ina mamakin yadda na tsaya na wanke kofin nan tas, ciki da waje.

Mutane sun zo, Allah ya saka musu da alheri. Abokan aikin maigidana na ma'aikata sun zo da fararen kaya, motocinsu suka toshe layinmu har masu kai rodi kasuwar Dei-Dei suka riƙa zagayawa ta baya. 'Yan'uwa sun taso daga gida da buhun gero da tabarmi. Ina zaune cikin mata, ana cewa ya haƙuri, ina cewa da godiya, bakina yana yi shi kaɗai.

Sai ga maƙwabciyarmu, 'yar Filato mai shago a bakin layi, wadda duk unguwa ke kira Mama. Ta shigo da kukanta tun daga ƙofa, ta fi mu duka.

"Wayyo, Baba mai gyara ya tafi! Yanzu wa zai gyara mana ƙaho na coci? Mutum mai haƙuri, kin gani. Abu ɗaya yana gyarawa shekara da shekaru, bai gaji ba, bai jefar ba."

Gwaggon maigidana, ƙanwar Baba da ta zo daga gida, ta ɗago kai. "Gyaran me?"

"Gyaran ƙaho mana, Hajiya. Kullum yana gwadawa, fiii, baaa, bai yi daidai ba, gobe ya sake."

Gwaggo ta ja carbi, sannan ta ce, "Alhamdulillahi. Ashe ya bar busar nan ya kama sana'a. Allah ya sa ya tuba kafin ya cika."

Mata suka ce amin. Ni ma na ji bakina ya ce amin.

Da aka watse bayan magariba, maigidana ya same ni ina tattara kwanoni. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ƙahon nan, kafin arba'in a san yadda za a yi da shi, ba na son ya zauna a gidan. Kuma abin da mutane suka ɗauka, a bar su a kai. Kin ji ko?"

Na ce na ji.

To, ga abin da ya hana ni sukuni tun ranar. Baba ba mai gyara ba ne. Mabushi ne. Abin da unguwa ta yi shekaru tana ji ta bayan katanga tana cewa gwaji ne, shi ne busar, babu wata da ake jira a bayansa. In ɗansa bai faɗa ba, ni ma aka ce in yi shiru, ƙahon kuma ya fita daga gidan, to jikokin jikokinsa za su tashi da labarin wani tsoho da ya ƙare rayuwarsa yana fama da abin da ya lalace. Mutum ya mutu a manta da shi, wannan kowa zai tarar. Amma a riƙa tuna wani dabam da sunansa, wannan ne ya tsaya mini a wuya.

Ƙahon irin mai lanƙwasa ne, mai ruwan zinariya da ya koɗe, da maɓallai birjik a jikinsa. Turawa na ce masa saksafon, mu dai ƙaho muke cewa. Baba ɗan badujala ne a ƙuruciyarsa, cikin masu busa a fareti. Yana saurayi hukumar da yake wa aiki ta tura shi Amurka kwas na 'yan watanni, don ya ƙware a karanta kiɗa a takarda. A can wani abokinsa baƙar fata ya ja shi wani ɗaki a saman shagon aski, inda wasu mutane ke haɗuwa da ƙahonninsu da ganguna, ba takarda a gaban kowa.

Ya sha ba ni labarin nan, kuma kullum a wuri ɗaya yake fara dariya. Ya ce, "Uwata, na zauna na harɗe ƙafa ina jira su gama saita kayansu su fara. Wannan ya yi nan, wancan ya yi can, mai ganga kamar yana faɗa da matarsa. Ina ta jira. Sai na ga abokina ya miƙe yana tafi, hawaye a fuskarsa. Na ce masa, yaushe za a fara? Ya ce, an gama."

Uwata yake kira na, don sunana ɗaya da na mahaifiyarsa, ba ya iya faɗa. Ni ma ban taɓa kama nasa ba. Haka muka yi zamanmu, ba wanda ya kira wani da suna.

Ya ce kunya ce ta sa ya koma ɗakin a mako na gaba, don ya gano inda aka cuce shi. Daga nan bai sake fashi ba har kwas ya ƙare. Ya dawo gida da kaset-kaset a cikin safa, da wani kunne da ba da shi ya tafi ba. A fareti yana bin takarda kamar kowa. Amma an ce wata rana, a gaban manya, ana tsakiyar taken da kowa ya sani, ƙahonsa ya ɗan fita ya yi yawo ya dawo. Bai sake samun ƙarin girma ba har ya yi ritaya. In aka taɓo maganar sai ya ce, "Ai na dawo a kan lokaci. Su dai ba su son a fita ne."

Ni ma da aka kawo shi wurinmu Abuja bayan rasuwar surukata, irin jiran nan na yi. Bayan la'asar zai fito da ƙahon, ya jiƙa ɗan harshen karan da ake ɗaurawa a bakinsa, ya lumshe ido. Wani lokaci ka ji kamar ƙofar ƙarfe da ba a sa wa mai ba. Wani lokaci kamar jariri yana neman nono. Sai kuma ya sauko ƙasa-ƙasa, kamar mutum yana magana a ɗaki na gaba, kana jin muryar ba ka jin kalmomin. Ina tsintar shinkafa ina cewa a raina, yanzu waƙar za ta fito. Har damina ta wuce ba ta fito ba.

Ranar da na yi ƙarfin hali, na durƙusa na ajiye masa ruwa na ce, "Baba, ita wannan ba ta da amshi ne?"

Ya buɗe ido ya dube ni. Ya ce, "In kin je gidan ƙawarki, kina rubuta hirar da za ku yi tun daga gida?"

Na ce a'a.

"To hira ce. Jaz suke ce mata a can, amma hira ce. Ni da ƙahon, ni da tsuntsun can, ni da janareton maƙwabta in ya ga dama."

Ban gane ba a ranar. Abin da ya fahimtar da ni turmi ne. Wata rana muna lugude ni da ƙanwata da ta zo hutu, taɓarya biyu a turmi ɗaya, tana sakin tata tana tafi tana cafewa, ina ba ta amsa. Sai muka ji ƙahon ya shigo tsakaninmu. In na buga ya yi shiru, in ta buga ya yi shiru, a ɗan ramin da ke tsakanin bugu da bugu yake sa bakinsa. Muka ƙara sauri don mu kayar da shi, ya bi mu. Muka rage, ya riga mu ragewa. Gero ya daku har ya wuce yadda ake so. Da muka tsaya muna haki, ya cire ƙahon daga baki ya ce, "Wa ya ci?" Ƙanwata ta ce, "Baba, kai ka ci, amma fura ta lalace." Ya ce a kawo masa lalatacciyar, shi zai sha.

Yana da ɗabi'u da sai wanda ya zauna da shi. Ba ya busa in an kusa kiran salla, kuma ko yana tsakiyar abin da ya fi so, ladan na cewa Allahu akbar zai sauke ƙahon ya goge bakinsa ya tashi. Ba ya son a kashe masa rediyo in tasha ta ɓace tana shuuu, wai a bari, akwai abu a ciki. In an daɗe ba a gan shi ba, to yana Dei-Dei, ba sayen komai, ya sami benci wajen masu rodi ya zauna. A sauke ƙarfe a ƙasa, tirela ta yi ham, shanu su amsa daga kara, mai rake ya ratsa da kiransa. Ya dawo da ƙura a hula yana cewa yau kasuwa ta yi kyau. In na ce me aka saya, sai ya ce, "Ba a saya ba, an ji."

Ya ce tun kafin masu jaz ɗin nan, akwai wasu Amurkawa masu taurin kai da suka fara ɓata wa malamansu rai. Wani ya sa ƙungiyar badujala biyu su taho daga gabas da yamma, kowace da nata taken, don kawai ya ji abin da zai faru in sun haɗu a tsakiya. Wani ya buɗe cikin fiyano ya cusa ƙusoshi da guntayen roba tsakanin wayoyin, ya zauna ya kaɗa. Na ce, "Baba, ba a kama shi ba?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Mu nan ba ma buƙatar wahalar nan. Ki tsaya a layin nan ranar Juma'a da azahar, ko Lahadi da safe. Masallaci biyu, coci uku, mai gwangwan, mai gyaran tukunya. Kyauta Allah ya ba mu."

Bayan wannan hirar ne na nemi tukunyata ta ƙasa da na sayo a Ushafa na rasa. Na same ta a gindin mangwaro, rabi da ruwa, Baba ya tura bakin ƙahon a ciki yana busawa, ruwa na ɓulɓul, sautin na fitowa kamar daga rijiya. Ya gan ni ya yi tsuru-tsuru kamar yaron da aka kama da hannu a miya. Ya ce, "Aro na yi, Uwata." Ban sake dafa komai a cikinta ba, na bar masa.

A irin wannan ne Mama ta leƙo ta katanga wata rana ta ce, "Sannu Baba, har yanzu bai gyaru ba?" Ya ce, "Da saura, Mama." Shi ke nan magana ta bi unguwa. Ba a jima ba matasan cocinsu suka fara kawo masa ƙahonninsu da suka toshe ko maɓalli ya maƙale. Shi kuwa ya san cikin ƙaho kamar tafin hannunsa, sai ya karɓa ya gyara, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya musu?" Ya ce, "Ni da na tambayi mutane yaushe za a fara? Ba ni da bakin yi wa kowa dariya."

Daga bakin Mama abin bai dame shi ba. Daga bakin ɗansa ne ya yi masa ciwo.

Wata Asabar darakta na ofishin maigidana ya biyo ta gidanmu, abin da bai taɓa yi ba. Ana zaune a falo na kawo lemo, Baba yana waje yana abinsa, ranar kuma busar mai ƙarfi ce. Darakta ya karkata kai ya ce, "Wane ne wannan?" Maigidana ya ce, "Mahaifina ne, ranka ya daɗe. Yana ɗan taɓa gyaran kayan, don kada ya zauna haka nan." Taga a buɗe take. Ƙahon ya tsaya cak.

Da baƙon ya tafi, Baba ya kira shi gindin mangwaro. Ina kicin, ba na son ji, amma gidan ba shi da girma.

"Me ka ce ina yi?"

"Baba, ka san yadda mutanenmu suke. In aka ce mabushi, maroƙi suke ji."

"Na taɓa roƙon wani?"

"Ba ka taɓa ba. Amma ni aka yi wa waƙa a makaranta. Ni ake bi ana tuuu-tuuu da hannu a baki, ɗan mai ƙaho. Kai kana Amurka a cikin kanka, ni ina nan ina shan duka in na rama."

Baba ya shafa ƙahon da ke cinyarsa. Sannan ya ce, "Da iskar bakin nan ka yi karatun da ka zama oga."

"Na sani, Baba."

"Ba ka sani ba. Ka dai ji."

Kwana da kwanaki bai ci abincin gidan ba. Yana aika a sayo masa ƙosai a bakin titi. Ni nake shan wahalar, in kai a dawo da shi, in kai a dawo da shi. Daga baya na daina sa nama, na yi masa ɗanwake da man gyaɗa da yaji irin na gida, na ce, "Baba, wannan ba na ɗanka ba ne, garin nan ƙanwata ce ta aiko da shi." Ya dube ni, ya san dabara ce, ya ci. Suka koma gaisawa da ɗansa kamar da. Amma daga ranar, in ya ji ƙarar motar maigidana a layi, sai ya mayar da ƙahon akwati. Maigidana ya lura. Bai ce a ci gaba ba, bai kuma ji daɗi ba. Ba mugun ɗa ba ne, ina so a san wannan. Shi ya yi ta jigilarsa asibiti, shi yake yanke masa farce da hannunsa.

Lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci, da girmana da 'ya'yana, a ɓoye nake karatu a kicin don kada yara su ji ina tuntuɓe. Baba ya ji. Ya ce in fito in karanta masa da ƙarfi. In na yi kuskure na tsaya ina jin kunya, sai ya ce, "Kada ki kore shi. Kuskure baƙo ne, ba shi wuri ya zauna, ki ga abin da ya kawo." Wata rana na karanta ƙasa a maimakon kaya, jimlar ta koma wai mai talla ta ɗora ƙasa a kai. Ya ce, "Kin ga? Naki ya fi na littafin. Wace mace ce ba ta ɗauke da ƙasa a kai?" Amma ya sa na koma na karanta daidai, ya ce sai ka san hanya kake da ikon barin ta.

Abin da ba zan manta masa ba shi ne shekarar da na rasa ɗana na uku, yana wata biyar. Kowa ya ce haƙuri. Na ji kalmar har ta daina nufin komai. Na shige ɗaki na kwanta na juya wa ƙofa baya, rana tsaka, ba na barci ba na farke. Baba bai ce mini haƙuri ba. Surukuta ba ta bar shi ya shigo ɗakina ba, sai ya jawo kujerarsa bakin ƙofa ta waje. Na ji ya buɗe akwatin, na ce a raina, yau kuma? Amma bai fitar da sauti ba. Iska kawai yake turawa ta cikin ƙahon, a hankali, huuu, ya ja, ya sake. Kamar wani babban abu yana barci a bakin ƙofata. Ban san lokacin da numfashina ya bi nasa ba. Haka ya yi ta zuwa kowace rana bayan azahar, har ranar da na fito da kaina na ɗora tukunya. Bai taɓa ambatar abin ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya ba. Ta ina zan fara?

A shekarun ƙarshe haƙora suka zube, ƙirji ya ƙi. Kaset ɗinsa duk rediyo ta cinye su. Babbar 'yata ce ta nemo masa irin kiɗan a waya, ta sa masa abin ji a kunne. Yana saurare yana nuna iska da yatsa: "Wannan ya mutu. Wannan ma ya mutu. Ji yadda suke musu, kamar gobe za su sake haɗuwa." Da busa ta gagara gaba ɗaya, sai ya riƙa ɗora ƙahon a cinya yana danna maɓallan kawai. Ƙaf, ƙaf-ƙaf, ƙaf. Daga kicin nake ji. Mama ta leƙo ta ce, "Yanzu kam ya mutu gaba ɗaya ko, Baba?" Ya ce, "Yana numfashi, Mama."

Akwai mutum ɗaya da na sa rai zai yi magana. Wani tsoho ne daga kudancin Kaduna, mai ganga, da suka yi aiki tare tun suna samari. Kafin ƙafa ta hana shi, yakan zo wasu Asabar ɗin da 'yar ganga a jaka, su zauna su yi ta yi ba mai ce wa wani uffan, in sun gama su sha shayi ya tafi. Ya zo ranar sadakar bakwai, jikarsa na riƙe da hannunsa. Da zai tafi na bi shi har ƙofa na durƙusa.

Na ce masa, "Baba, ka ji abin da ake cewa. Wai mai gyara."

Ya ce, "Na ji, 'yata."

"Kai ka san gaskiya."

"Na sani. Amma ni baƙo ne a gidan nan. Mai gida yana da baki." Na ce to ko zai karɓi ƙahon ya ajiye a wurinsa. Ya girgiza kai. "Ni ba ni da iska. In kai shi ɗakina ya yi me, mu yi ta kallon juna? Tun da ya tafi ko cinyata ban buga ba. Wa zan ba amsa?"

Ana saura kwana kaɗan arba'in, maigidana ya ɗauko akwatin da kansa ya kai wa Mama, ya ce a ba matasan cocinsu, sadaka ce. Gara haka da a sayar wa mai gwangwan a kan sikeli, na sani. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallo ya fita da shi. Na ɗauka a nan kukan zai zo. Bai zo ba. Na koma na ci gaba da yankan kuɓewa.

Lahadin da ta biyo, da safe, maigidana yana wanke mota a tsakar gida, ni ina shanya. Cocin su Mama a bayan layinmu take, komai suke yi muna ji. Aka fara waƙa, sai ga ƙahon ya tashi a sama da muryoyin. Na gane shi nan take, yana da wata 'yar shaƙewa a ƙasan muryarsa. Yaron da aka ba ya iya. Ya ɗauko waƙar daga farko, ya bi ta tiryan-tiryan, ya ba jama'a wurin amshi, suka amsa, ya kai ta ƙarshe ya ajiye. Ba inda ya fita, ba inda ya yi yawo. Da daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Na juya na ga maigidana tsaye, soso a hannu, ruwa na zuba daga tiyo yana bin ƙafarsa. Bai rufe famfon ba har aka gama.

Da aka tashi, Mama ta shigo da ɗaurin Lahadi, fuskarta fal murna.

"Oga, kun ji? Kun ji ƙaho? Ashe Baba ya gama gyara kafin ya tafi! Yaron ya ce bai taɓa komai ba, ya sa baki kawai, abu ya tashi kamar sabo. Kai, Allah ya ba shi hutawa. Duk shekarun nan, a ƙarshe ya ci nasara."

Maigidana ya matse soson a hankali. Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau tun asali, Mama. Bai taɓa lalacewa ba."

"Kamar yaya? To me Baba yake yi da shi kullum?"

"Busa yake yi." Ya ajiye soson a kan motar. "Babana mabushi ne. Har Amurka ya je. Abin da kike ji, shi ne kiɗan."

Mama ta dube shi, ta dube ni, sannan ta fashe da dariya har tana dafa mota. "Haba oga! Wannan kukan akuya? Kai dai kana son babanka, shi ke nan. Allah ya ba ku haƙuri." Ta fita tana dariya tana gyara ɗauri.

Ya tsaya yana kallon ƙofar da ta bi. Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Ba ta yarda ba."

Na ce, "Ba ta yarda ba."

"Gobe zan faɗa a ofis," in ji shi. "Su ma su yi dariyar."

Ya tafi ya rufe famfon. Ni kuma na ɗauki sauran kayan na ci gaba da shanya, don rana ta riga ta yi sama.

Allah ya jiƙan Baba mabushi, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Ya sa ya tarar da iyayensa da jikan da ya riga shi. Mu da muka saura, Allah ya ba mu kunnen jin juna tun muna da rai, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.